Ɗanyen Kabeji a Zauren Baba

"Ɗanye ne," in ji Inna.

"Ba ɗanye ba ne. Haka ake cin sa."

"Wa ka cin shi hakanan, in ba akuya ba?"

Ta sa yatsu biyu cikin kaskon ta ɗauko yankin karas, ta hura, ta kai baki. Daga inda nake tsugune na ji ƙararsa a haƙorinta.

"Ka ji ko? Abinci na kuka cikin baki, kai kana ce mini ya dahu."

"Inna, zai huce."

"Ya huce mana. Wanga abu ba ya fita zaure daga gidana."

Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci. A zaure Baba na zaune da yayansa, Alhaji Bashar na Tsafe, suna jiran abincin da na yi alkawari. Alhaji yana da rumfa a bakin titin Tsafe, daidai inda motocin Funtuwa da Zariya ke tsayawa fasinja su miƙe ƙafa. Mai shayin da ke ciki ya tashi, rumfar na kulle. Alhaji ya ce in abincin 'yan Caina da nake damun dangi da zancensa ya yi masa, zai ba ni makulli. In bai yi ba, Baba ya riga ya yanke magana: kafin ruwan farko in tattara in koma Wanke, gonar kakanmu, in riƙe garmar shanu. Ba wanda ya tambaye ni ko na san ta inda ake kama garma.

Na gama sakandare a shekarar da aka ba mu jiha. Kowa a Gusau ya ce aiki zai yi yawa har a rasa masu yi. Aikin ya zo, amma tare da masu shi ya zo, daga Sakkwato, da katifunsu a ɗaure a saman mota. Sakamakona kuwa, Turanci ya ƙi, lissafi ya ƙi. Darasin aikin gona na ci. A takardar duka wannan layin kaɗai Baba ya riƙe.

Sai na zauna. Na iya zama. Da safe dakalin ƙofar gida, da rana gindin dalbejiya, da yamma dakali.

Sabiru ne ya tayar da ni. Ajinmu ɗaya, amma shi bai tsaya jiran jarrabawa ba, ya koyi mota. Da 'yan Caina suka zo gyaran layin dogo suka ɗauke shi, yana tuƙa musu farar a-kori-kura, yana kai mai dafa musu abinci kasuwa. Sunan mutumin Lao Li. Mutanen tasha ba su da lokacin wannan, suka ce Lawali, shi kuma ya amsa. A bayan tashar jirgi, cikin wani tsohon gidan ma'aikatan reluwe, Lawali ya ajiye tebur biyu a baranda. In ya sallami mutanensa, sai ya sayar wa duk wanda ya yi ƙarfin halin zama. Ba allo, ba suna. Gidan abincin Caina na Gusau ke nan, gaba ɗayansa.

Gari ya ce kare suke ci. Na bincika. Karnukan tasha duk suna nan, har sun yi ƙiba. Naman kuwa Sabiru ke sayowa wurin mahauta, yana tsaye ake yanka masa.

Ranar farko Lawali ya ajiye mini taliya da kabeji da karas da lawashi, da naman sa yankan siriri, ga citta da tafarnuwa suna tashi. Ya ajiye tsinke biyu. Na gwada, taliyar ta gudu. Ya kawo cokali ba tare da ya dube ni ba.

"Yaya?" in ji Sabiru.

"Ba laifi."

Na koma gida na tarar da tuwon dawa da miyar kuka a rufe. Na daɗe ina kallon kwanon. Tun da aka yaye ni nake cin abinci, ban taɓa jin abin da ke bakina ya mayar mini da amsa ba sai ranar.

Na riƙa komawa, ba don ci ba, don kallo. Ba mu da harshe ɗaya. Hausar Lawali ba ta wuce "sannu" da "kawo" ba, Turancina kuma ya riga ya faɗi jarrabawa. Amma ya bar ni in tsaya a bakin ƙofar madafinsa. Abin da ya fara ba ni mamaki tukunyarsa ce: kaskon suyar ƙosai ne, baƙi ƙirin, irin na Inna sak. Sai wutar, kamar ta maƙera. Komai ya yanka shi tun kafin ya kunna, kowanne a ɗan kwanonsa. Mai ya yi hayaƙi, ya watsa nama, ya watsa ganye, ya girgiza kaskon har wuta ta leƙo ciki, ya tsiyaya wani baƙin ruwa daga kwalba, ya juye a faranti. Kafin ka gama amsa gaisuwar dattijo ya gama girki.

Wata rana tausayin kabejin ya kama ni, na ɗauki murfi zan rufe masa. Ya sauke mini ludayin ƙarfe a bayan hannu. Na ajiye murfin. Darasin da na fi riƙewa ke nan a duk karatuna.

Baƙin ruwan, Sabiru ya ce da waken suya ake yin sa, daga ƙasarsu yake zuwa. Da aikinsu ya matsa gaba wajen Ƙaura, aka kwashe teburan. Ranar tafiya Lawali ya tsiyaya mini a kwalbar maganin tari, ya haɗa yatsu biyu ya nuna mini: kaɗan-kaɗan.

A gidanmu namiji ba ya tsugunawa gaban murhu. Don haka na ce zan je gaida yayata Sa'adiya da ke aure a Bungudu, na tafi da kwalbar a aljihu, na ƙi dawowa. Gwajin farko, taliyar murji ta dame ta koma tuwo. Na biyu, na gane itace ba zai ba ni irin wutar Lawali ba, na cusa karan dawa har murhu ya cika. Wuta ta samu. Ta samu har rufin madafin Sa'adiya. Muka kashe da ruwan randa.

Ta tsaya tana kallon sama ta inda da ciyawa take.

"Mahadi, in haka 'yan Caina ke girki, a ina suke kwana?"

Cikin wannan makon Sabiru ya biyo ta Bungudu da sabon labari. Wai wani injiniya ya gaya masa maƙwabtansu mutanen Japan ma sun fi su wayo, ko wuta ba sa hurawa. Ɗanyen kifi suke yankawa su ɗora a kan shinkafa.

"Kai da ke ƙona gidajen mutane," in ji shi, "ga sana'ar da ba ta cin itace."

Muka gangara gulbi muka sayi tarwaɗa wurin masunta. Na yanka ta siriri, na matsa lemun tsami, na jera a kan curin shinkafa. Ta yi kyau a ido. Na miƙa wa Sa'adiya.

"Ku dai ci," in ji ta. "Ni ina da miji da 'ya'ya, akwai masu nemana."

Muka ci. Sabiru ya lumshe ido ya ce yana jin teku. Bai taɓa ganin teku ba. Ni laka na ji. Abin da ya biyo baya tsakaninmu ne da bayan gidan Sa'adiya, da buta ɗaya da muka riƙa miƙa wa juna ta saman katanga. Daga nan na bar wa mutanen Japan ƙasarsu.

Amma na Caina na kama shi. A tafasa taliya rabi, a tsame, a watsa mata ruwan sanyi, a shafe ta da mai. Gawayi, ba kara ba, da mafici a hannun hagu. Don kar kwalbar ta ƙare, na riƙa gwaji da ruwan daddawa da gishiri da ƙonannen sukari. Bai kai ba, amma ya san hanyar. Ranar da Sa'adiya ta cinye farantinta ta ce, "Kamar abinci," na san na iso. Ita ce ta kai zancen wurin wani bikin suna a Tsafe, ya shiga kunnen Alhaji Bashar, mutumin da ya fara sayen bidiyo a layinsu kuma ba ya son a riga shi jin sabon abu.

To yau ga shi a zaure. Na roƙi Inna kaskonta da murhunta na yini ɗaya, ta ba ni tana kallon gefe kamar mai ba da aron zanen aure. Na juye kwalbar duka, har na ɗauraye ta da cokalin ruwa na ƙara. Ban taɓa yin wanda ya kai na yau ba. Kabejin na sheƙi, koren na nan, karas ɗin na tsaye da ƙafarsa.

"Inna, ni na dafa. In bai yi ba, ni za a zaga."

"Kai? Wa ya san ka?" Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Duk abin da ya ƙetare ƙofar can ya shiga zaure, hannuna ne. Ko aljani ya dafa shi, ni ce. Ba mai cewa Mahadi ya yi. Cewa za a yi Alhaji ya taso tun daga Tsafe, Hauwa'u ta tarbe shi da ɗanyen ganye. Kafin la'asar matansa sun ji, kafin Juma'a mai zuwa har garin 'Yandoto ya ji. Shekara nawa ina aika tuwo gidan nan ba a taɓa dawo mini da magana ba."

"Ai na gaya masa na Caina ne."

"Shi cikinsa na Caina ne?"

Na sunkuya ina gyara gawayi.

"Ɗan ruwa kaɗan," in ji ta, murya ta sauko. "A rufe shi ya yi tafasa ɗaya. Mi za ya rage ka da shi?"

"Ba a rufewa."

"In ji wa?"

"Lawali."

"Lawalin wa? Ɗan gidan wa ne?"

Daga zaure muryar Baba ta shigo. "Mahadi. Ruwan wanke hannu."

Na miƙe na ɗauki buta da tasa. A bakin ƙofa na juyo.

"Inna, don Allah kar ki taɓa."

"Ni mi ya haɗa ni da shi."

Na yi sallama na durƙusa na zuba wa Alhaji ruwa. Na yunƙura zan tashi, ya ɗaga hannu.

"Zauna, ɗana. Ai ni na san mutanen nan naka tun kafin ka yi wayo. A Mina na gan su, shekarar da na sauke farali. Musulmi ne na ƙwarai, ga ladabi. Amma ka san mi suka sha cikin wanga zafi na Makka? Ruwan zafi. Tsura. Ba ganye, ba sukari. Na ce wa na kusa da ni, mutanen da ka shan wanga da rana tsaka, ba abin da ba su iyawa."

Ya bi ta Mina ya shiga Arfa. Daga Arfa ya faɗa kan wani ɗan Gummi da ya ɓata da takalmin wani. Yayan uba na magana, ba a tashi. Na zauna a kan dugadugaina ina cewa "ƙwarai, Baba Alhaji", har iska ta juyo daga cikin gida ta kawo mini ƙanshin manja.

Babu manja a girkina.

Da ya sallame ni na shiga, na tarar da kaskon an wanke an kife. A kan murhu tukunya ce, da murfi, tana ɓararraka. Inna na zaune a kujerar tsugune tana fifita wuta cikin natsuwa.

"Na ɗan ƙarasa maka shi ne," in ji ta.

Na ɗaga murfin. Ja wur. Ta ƙara ruwa, ta ƙara manja, daddawa, tattasai, har da ɓarin busasshen kifi. Kabejin ya narke ya bi ruwa. Taliyar ta kumbura ta kwanta. Baƙin ruwan Lawali yana ciki a wani wuri, kamar yadda gishiri yake cikin gulbi.

"Ga naka can na rage maka, tunda kai kana iya cin shi." Ta nuna wani ƙaramin kwano a kan turmi da haɓarta.

Na tsaya. Akwai maganganu da yawa, ba ko ɗaya da ake gaya wa uwa.

"Mahadi," in ji Baba daga zaure. "Ko sai an je Cainar an ɗauko?"

Ta juye a babbar langa, ta goge gefen da bakin zanenta, ta miƙo mini. Na ɗauka. Na haɗa da tsinkayen tsire da na kwana biyu ina ferewa ina gogewa.

Alhaji ya ɗaga tsinke biyu ya juya su.

"Wanga fa?"

"Da su ake ci."

"Allah Ya ba ni biyar, in koma biyu?" Ya ajiye, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla.

Baba ya kai loma ɗaya ya tsaya. Ya dubi ƙofar cikin gida. Ya dube ni. Sannan ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ci. Mutum ba ya manta girkin hannun da yake ci tun kafin a haifi 'ya'yansa.

Alhaji ya yi ta ci har ya kai rabi. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula, ya tura ta baya.

"Ɗanjuma," ya ce wa Baba, "ashe mutanen nan 'yan'uwanmu ne. Har daddawa gare su."

"Haka ne, Yaya," in ji Baba, yana kallon langa.

"Ka ji yadda ya dahu? Ba ka neman haƙori. Ni da aka ce mini ɗanyen abu suka ci, har na sha kanwa kafin in taso. Ashe ƙarya mutane ka yi musu." Ya suɗe yatsa. "Yaron nan dai ba zaman banza ya yi ba. Kai ne ba ka da haƙuri."

Suka cinye tas. Alhaji ya ɗauki tsinke ɗaya daga cikin nawa ya shiga sakace. Da ɗaya hannun ya laluba aljihun gaba, ya fito da makulli ɗaure da jan zare, ya ajiye a kan tabarma tsakanina da shi.

"Rumfa taka ce. Amma ka ji sharaɗi. Shagona na tsallaken titi, kullum azahar wurinka zan ci, ni da yarana. Wanga ɗanɗanon nika so. Kada in zo wata rana ka ce mini an canza."

Makullin ƙarami ne, irin na kwaɗon Caina. Da na miƙa hannu, shi ke nan. Ba Wanke, ba garma. Inna ba za ta bi ni Tsafe ba, amma zan iya koya a wurinta, in ta ga dama. Sai in zauna a bakin titi in tsufa ina sayar da dafa-dukan uwata da sunan Lawali, ina ɗaga murfi ina mayarwa, direbobi suna cewa Caina ta yi. Ba wanda zai sani. Baba ya sani, amma Baba ya fi ni iya shiru.

Bayan hannuna ya yi mini ƙaiƙayi, daidai inda ludayin ya sauka.

"Ina zuwa, Baba Alhaji."

Na shiga na ɗauki ƙaramin kwanon a kan turmi. Ya huce, amma koren na nan. Inna ta miƙe tsaye.

"Ina za ka da shi?"

"Zaure."

"Mahadi." Ta rage murya don kar a ji. "Mutum ya ci ya yaba, ya ba ka abin da kake so. Mi kuma kake nema? Kada ka kunyata ni gaban yayan babanku."

Na ratsa ta gefenta. Ban taɓa yi ba. Na ji takunta a bayana har bakin ƙyaure, nan ta tsaya, don nan ne iyakarta in da baƙo.

Na durƙusa na ajiye kwanon kusa da makullin.

"Ga wani kuma."

Baba ya rufe ido.

"Kai, yau muna da rabo," in ji Alhaji. Ya cire tsinken daga baki, ya ɗebo da yatsu uku, ya kai.

Ƙarar ta cika zauren. Ya daina tauna, ya dube ni, ya ci gaba a hankali kamar mai taka ƙaya. Ya juya gefe ya fito da kabejin a tafin hannu, ya wurga waje. Kazar maƙwabta ta zo ta duba, ta wuce.

"Wanga bai ga wuta ba. Ko sallama bai yi da ita ba."

Na ce, "Ya gani."

"Daga nesa."

Ya goge hannu a gefen tabarma. Na ɗauka an gama, har na fara jin warin shanun Wanke. Sai na ga yana motsa baki, yana bin wani abu a harshensa. Ya sake kai hannu cikin kwanon, ya ture ganyen gefe, ya zaro silin taliya ɗaya da ɗan nama. Ya tauna. Ya daɗe. Ya dubi langar da suka share, ya dubi ƙaramin kwanon. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a kan makullin, bai tura ba, bai janye ba.

"Wai tsaya. Cikin biyun nan, wanne ne na Cainar?"

Baba ya jawo buta ya shiga wanke hannun da ya riga ya wanke. Ta ƙarƙashin ƙyaure ina ganin yatsun ƙafar Inna, da lallen da ya fara kodewa, ba sa motsi. Ni kuma na sami wani zare da ya fita daga saƙar tabarma, na tsura masa ido.

Alhaji ya dubi ƙanensa, ya dube ni, ya dubi ƙyauren.

"Ba ku ji ni ba ne? Na ce wanne ne?"